Matatar wiski ɗaya, kamfani daban, launi daban: bayani kan wiskin gangar sheri

"Malam, barka da aiki. Ina karatun harkar otal a Edinbura, da yamma kuma ina aiki a ɗakin cin abinci na wani otal. Akwai kwalaben wiski guda biyu a kantarmu da suka ɗaure min kai. Sunan matata ɗaya ne a jikinsu, shekarunsu ma ɗaya, 12. Ta farko kamfanin matatar ne ya fitar da ita, launinta ruwan zuma. Ta biyu sunan wani kamfani ne a samanta da manyan haruffa, an rubuta cewa a gangar sheri ta yi shekarunta, launinta ja wur har ya doshi baƙi, kuɗinta kuma ya kusa ninka na ta farkon. Wani baƙo ya tambaye ni ko jabu ce, na rasa ta cewa. Ta yaya wani kamfani zai sayar da kayan wani da sunansa? Kuma duhun nan shi ne shaidar cewa ta fi kyau?"

Ƙanena, yawwa, sannu da ƙoƙari. Abu biyu kake son sani: ko kwalbar nan ta gaskiya ce, da kuma ko duhunta da tsadarta suna nufin inganci. Na farko amsarsa gajera ce. Ba jabu ba ce, kuma irin wannan ciniki ya girmi yawancin kwalaben da matatun suke fitarwa da sunansu a yau. Na biyun ne zai ɗauke mu lokaci, domin a nan ake yi wa mutane rufa-ido, wani lokaci ma ba tare da an karya doka ba. Hukuncin giya a Musulunci sananne ne ga kowa, ba shi ka tambaya ba, ni ma bayanin sana'a zan yi maka. Aikina a ɗakin gwaji yake, inda ake duba ganguna da abin da ya kwana a cikinsu, kuma da hanci da na'ura muke yin mafi yawansa.

Mu fara da doka, don ita ce ta hana kwalbarka zama jabu. Dokar wiskin Sikotland ta 2009 ta ce abin da za a kira single malt dole a yi shi da ruwa da tsiron sha'ir kawai, a matata guda ɗaya, a tace shi a tukwanen tacewa. Dole ya zauna a gangar itacen oak da ba ta wuce lita 700 ba, a cikin ƙasar Sikotland, aƙalla shekara uku. Ƙarfinsa a kwalba ba zai gaza kashi 40 cikin 100 ba. Shekarun da aka rubuta kuwa na wiski mafi ƙarancin shekaru ne a cikin kwalbar. Daga watan Nuwamba na 2012 ma an hana fitar da shi ƙasar waje a ganga, sai an ɗura shi a kwalba a gida. Ka lura dokar ba ta ce mai matatar ne kaɗai zai ɗura ba. Abin da ta hana shi ne a rubuta sunan matata a kan abin da ba a can aka tace shi gaba ɗaya ba.

Yadda ganga ke barin gidan da aka haife ta

Shekaru aru-aru matatun Sikotland ba don kwalbar kansu suke aiki ba. Kusan duk abin da suka tace kamfanonin haɗi suke sayar wa, masu gauraya wiskin matatu da yawa su fitar da suna guda kamar Johnnie Walker ko Famous Grouse. Mai haɗi yana bukatar ɗanɗano iri-iri, don haka kamfanoni ke musayar ganguna a tsakaninsu, dillalai na shiga tsakani, rarar da ba a bukata kuma ta faɗa kasuwa. Daga nan masu ɗuri masu zaman kansu suka samu abin yi.

Cadenhead ya fara a Aberdeen a 1842, yanzu yana Campbeltown a hannun masu matatar Springbank. Gordon & MacPhail kantin kayan masarufi ne da aka buɗe a Elgin a 1895. Su salonsu daban ne, don a da sukan aika gangunansu zuwa matata a cika musu da sabon ruwan wiski da aka tace, su kwaso su ajiye a sitonsu shekara talatin, arba'in, har fiye. Douglas Laing ya zo a 1948 a Gilasgo, Signatory a 1988. Akwai kuma ƙungiyar Scotch Malt Whisky Society da aka kafa a 1983 a unguwar Leith, nan kusa da kai, wadda ba ta rubuta sunan matata sai lamba. A wannan shekara ta 1983 ne kasuwa ta cika ta batse aka rufe matatu da dama, ciki har da Port Ellen da Brora. Shekaru masu yawa bayan rufewar, a hannun waɗannan 'yan kasuwa ne mutane suka fi samun wiskin matatun nan, kuma su suka riƙe sunansu a bakin jama'a har aka sake buɗe Brora a 2021, Port Ellen a 2024.

Bambancin kwalabenka biyu daga nan ya faro. Kamfanin matata yana so kwalbarsa ta shekara 12 ta bana ta yi daidai da ta bara, don haka sai ya haɗa ɗaruruwan ganguna, mai kyau ta rufa wa mai rauni asiri, ya sirka da ruwa zuwa kashi 40 ko 43. Mai zaman kansa kuwa sau da yawa ganga ɗaya tak yake ɗurawa. Idan ta yi kyau za ka ji abin da kwalbar matata ba za ta taɓa ba ka ba. Idan ta lalace babu wata gangar da za ta ɓoye laifinta.

Wasu matatun ba sa son sunansu a kwalbar wani. Shi ya sa za ka ga an rubuta sunan yanki kawai, kamar Secret Speyside ko Secret Orkney, wato yarjejeniyar sayarwa ta hana faɗin sunan matatar. Wasu kuma kafin su sayar sai su zuba ɗan cokali guda na wiskin wata matata a gangar, a doka ta tashi daga single malt ke nan. Abin da ake sayarwa da sunan Burnside, alal misali, wiskin Balvenie ne da aka ɗiga wa na Glenfiddich. Tun da taka kwalbar tana ɗauke da sunan matatar ɓaro-ɓaro, ba ta cikin waɗannan.

Gangar sheri ta da, da ta yanzu

Sheri giyar inabi ce ta kudancin Sifaniya, daga lardin Cádiz, musamman garuruwa uku: Jerez de la Frontera, Sanlúcar de Barrameda da El Puerto de Santa María. Nau'i biyu ne suka fi shafar wiski. Oloroso, wadda ake yi da inabin Palomino a bar iska ta yi aiki a kanta har ta yi duhu, ba ta da zaƙi. Sai Pedro Ximénez, wadda ake shanya inabinta a rana kafin a matse, ta fito da kauri da zaƙi mai yawa.

Mutanen Birtaniya sun daɗe suna shan sheri. A ganguna ake kawo ta ta jirgin ruwa zuwa Bristol da Landan da Leith, a ɗura a kwalba a can. Mayar da gangar banza Sifaniya asara ce, sai masu wiski suka riƙa saye da araha. Gangunan jigila ke nan. Sheri ta gaskiya, wadda za a sha, ta zauna a cikinsu watanni, a hanya da kuma a sito. Tsofaffin kwalaben da ake ta yabo, na wiskin da aka tace a shekarun 1950 da 1960, mafi yawansu daga irin waɗannan gangunan suka fito. A shekarun 1980 dokar Sifaniya ta koma cewa a can za a riƙa ɗura sheri, ba a fitar da ita a ganga. Shan sheri ma ya ja baya a Birtaniya. Gangar jigila ta ƙare.

A nan mutane da yawa ke kuskure. Sukan ɗauka gangar da ke cikin rumfunan ajiyar Jerez, wadda sheri ta yi shekara hamsin a ciki, ita ake kawowa. Da wuya ƙwarai. Masu sheri suna tsufar da giyarsu ne a jerin ganguna da suke kira solera, ana ɗiba daga tsohuwa a cike ta da ta bayanta, ba a taɓa juye ganga gaba ɗaya. Tsohuwar ganga suke so, wadda itacenta ya gama ba da duk abin da ke jikinsa, kuma ba sa rabuwa da ita sai ta lalace ta wuce gyara. Mai wiski kuwa itace mai rai yake nema.

Abin da ake yi yanzu shi ne a sassaƙa sabuwar ganga musamman domin wiski. A sare itacen oak, na Turai daga arewacin Sifaniya kamar yankin Galicia, ko farin oak na Amurka. A busar da katakon, a haɗa gangar, a gasa cikinta da wuta, a cika ta da ƙaramar giya irin ta oloroso, ta jiƙa shekara ɗaya zuwa biyu. Giyar nan ba a sayar da ita a matsayin sheri ta sha. Takan jiƙa wata gangar, daga baya a mayar da ita ruwan khal ko a tace ta. Tun 2015 hukumar da ke kula da sunan sheri a Jerez take ba da shaida ga gangunan da aka jiƙa da sheri ta yankin aƙalla shekara guda. Ba kowace ganga da ake kira ta sheri a kasuwa ke da wannan shaidar ba.

Ban ce gangar yanzu ba ta da kyau. Ta fi ta da tsafta da daidaito. Amma abu ne daban, kuma yana da tsada. Gangar babon, wato wiskin Amurka, tana da araha saboda dokarsu ta ce a sabuwar ganga za a riƙa zuba babon, kowace shekara sai sun zubar da miliyoyi, shi ya sa mafi yawan gangunan da ke Sikotland nasu ne. Ta sheri kuwa sai an yi oda an jira, kuɗinta ya ninka na babon sau da yawa. Manyan kamfanoni sun riga sun kama hanyar. A 2023 masu matatar Macallan suka sayi rabin kamfanin Estévez na Jerez don su tabbatar da samun giyar jiƙa gangunansu. Ƙaramin ɗan kasuwa abin da ya rage yake samu, ko ya biya da tsada.

Itace ne ke aikin, fiye da giyar

Idan muka sa wiskin gangar sheri a na'ura, yawancin abin da muke gani daga katako ya fito. Oak na Turai yana da tanin da yawa, sinadarin nan da majema ke nema a bagaruwa. Shi ke kawo launi mai duhu da baurin da ke kama harshe, tare da ƙamshin kanumfari da busassun 'ya'yan itace. Oak na Amurka taninsa kaɗan ne, amma ya fi ba da ƙamshin kwakwa da banila. Wutar da aka gasa gangar da ita tana narkar da sukarin cikin katako, ta ba da ƙamshin ƙonannen sukari. Giyar da katakon ya tsotsa ita ce ke ƙara ƙamshin dabino da zabibi da gyaɗar Turawa, kuma tana rage wa sabon itace kaifi kafin wiski ya shiga. Saboda haka ganguna biyu za su iya shan oloroso iri ɗaya, ɗaya ta Turai ɗaya ta Amurka, wiskinsu ya fito kamar ba su haɗa komai ba. Kalmar sheri kaɗai a jikin kwalba ba ta faɗa maka wanne ne ba.

Yanzu ga maganar duhu. Hanyoyin samun duhu suna da yawa, kuma ba duka ne ke tafiya da inganci ba. Doka ta yarda a zuba karamel na rini, wanda ake kira E150a, kuma a Birtaniya ba dole ba ne a rubuta. A Jamus dole ne, shi ya sa kwalbar da aka yi wa kasuwarsu takan tona abin da ta nan ta ɓoye. Yawancin masu zaman kansu ba sa zubawa, sukan kuma rubuta haka. A da akwai wani kakkauran ruwan inabi mai suna paxarette da ake tura wa cikin katakon tsohuwar ganga da ƙarfin iska, an hana shi wajen 1990. Abin da ya fi yawa yanzu shi ne sauya ganga. Wiski ya yi shekara goma sha ɗaya a gajiyayyiyar gangar babon bai yi wani abin kirki ba, sai a juye shi a sabuwar gangar Pedro Ximénez na wata shida ko shekara guda. Ya fito baƙi ƙirin, an rubuta shekara 12, kuma ba a yi ƙarya ba. Idan gangar ƙarama ce, kamar octave mai lita kusan 50, abin ya fi sauri. Sauya ganga ba laifi ba ne a kansa, Balvenie DoubleWood da shi ta yi suna tun 1993. Laifin shi ne a yi shi don a rufe wiski marar daɗi. Irin wannan nakan gane shi a hanci: zaƙin yana sama, da ka ɗiga ruwa sai ya rabu, ɗanyen ruwan da ke ƙasa ya bayyana da zafinsa.

Akwai kuma gangar da ba a tsiyaye ta da kyau ba. Ana barin 'yan litocin giya a ciki lokacin jigila don kada katako ya bushe ya tsage. Ƙa'ida ita ce a zubar kafin a cika. Wanda ya yi sakaci, ko ya yi da gangan, wiskinsa zai yi duhu da zaƙi nan da nan.

Ra'ayina, kuma na san masu son baƙin wiski ba za su yarda ba: gangar da ake cika wa karo na biyu, wadda ake rubuta wa refill, sau da yawa ta fi ta karon farko idan za a daɗe. Ta farkon tana da ƙarfi, a shekara goma zuwa goma sha biyar ta gama abin da za ta yi, bayan nan bauri ne ke ƙaruwa har ka kasa gane daga wace matata ruwan ya fito. In haka ta faru, mene ne amfanin sunan matatar a kwalba? Ta biyun tana aiki a hankali, tana barin halin ruwan ya fito. Ya kuma danganta da ruwan. Mai nauyi irin na Mortlach ko Benrinnes ko Glenfarclas yana iya ɗaukar gangar sheri mai ƙarfi ya tsaya da ƙafarsa. Marar nauyi mai ƙamshin fure nutsewa yake yi.

Farar wuta

Wannan ita ce cutar gangar sheri, kuma ya kamata ka san ta don wata rana baƙo zai dawo maka da kofi. A da, har yanzu ma a wasu wuraren, ana ƙona farar wuta a cikin gangar da aka juye don kada ta yi tsami a hanya. Warin yana shiga katako ya zauna. Idan sababbin ganguna suka iso, mukan jera su a fili, a cire toshiyar kowace ɗaya, a zura ƙaramar fitila a duba cikin, sannan mutum ya durƙusa ya sa hancinsa a bakin ramin. Mai kyau tana ƙamshin zabibi da katako mai ɗumi. Mai cuta tana warin ashanar da aka ƙyasta yanzu, ko ƙonanniyar roba, wani lokaci ruɓaɓɓen ƙwai. Sai a yi mata alama da alli a ture ta gefe. Wadda ta kuɓuce wa wannan binciken, shekara ashirin ba za ta wanke ta ba.

Sai dai hancin mutane ba ɗaya ba ne a kan farar wuta. A teburin gwajinmu na sha ganin mutum ɗaya ya ture kofi da sauri, na kusa da shi ya ce bai ji komai ba, kuma dukansu ƙwararru ne. Ban da haka, wasu matatun ruwansu da kansa yana da wani ƙamshi mai kama da romon nama saboda yadda suke sanyaya tururi, kuma da gangan suke yi. Wannan ba cuta ba ce. Na'ura za ta nuna min yawan sinadarin, amma ba za ta yanke hukuncin inda daɗi ya ƙare laifi ya fara ba. Haka kuma daga bayaninka kaɗai ba zan yanke wa kwalbarka hukunci ba, sai an buɗe ta.

Abin da za ka duba a jikin kwalbar

Ɗan kasuwa mai gaskiya yakan yi yawan magana a takardar kwalbarsa. Zai faɗi ranar da aka tace, ranar da aka ɗura, lambar ganga, irin gangar, da yawan kwalaben da ta bayar. Ka duba ko an ce wiskin ya yi duk shekarunsa a gangar sheri, ko kuwa an rubuta finish, wato ƙarasawa kawai aka yi. Idan an yi shiru a kan wannan, ka tambayi wanda ke kawo muku kaya.

Yawan kwalabe yana da amfani fiye da yadda ake zato, don lissafi ne mai sauƙi. Babbar gangar sheri, butt, tana cin lita kusan 500, hogshead kuma kusan 250. Yawanci ana cika su da ruwa mai ƙarfin kashi 63.5, kuma kusan kashi 2 cikin 100 na tafiya a iska kowace shekara. Bayan shekara 12 butt za ta rage wajen lita 400, wato kwalabe 550 zuwa 600 masu santilita 70 idan ba a sirka ba. In an sirka zuwa kashi 46 za su kai 700 da wani abu. Hogshead rabin haka. Idan ka ga an ce ganga ɗaya ce, ba a sirka ba, amma kwalabe 900, akwai magana. Idan kuma ka ga butt ta ba da kwalabe 650 bayan shekara 25, mai yiwuwa ganguna biyu aka juye a cikinta daga baya.

Kashi 46 ɗin ma ba a banza ake yawan ganinsa ba. Ƙasa da haka, maiƙon da ke cikin wiski yakan sa shi ya yi hazo idan ya ji sanyi, don haka manyan kamfanoni ke sanyaya shi su tace maiƙon. Daga 46 zuwa sama ba a bukatar hakan. Idan baƙo ya sa ƙanƙara a kwalbarka ta biyu ya ga ta yi gajimare, ka kwantar masa da hankali, ba lalacewa ta yi ba.

Tsadarta kuwa tana da dalilai da za ka iya lissafa wa baƙo ba tare da ka yi masa alkawarin ta fi daɗi ba. Gangar ta fi tsada. Idan ƙarfinta ya kai kashi 57 ko 58, barasar da ke ciki ta kusa ninki ɗaya da rabi na mai kashi 40, kuma harajin Birtaniya a kan yawan barasa ake ɗora shi. Kwalaben kaɗan ne, in sun ƙare sun ƙare. Samun ganga mai kyau daga sanannun matatu ma ya yi wuya, shi ya sa da yawa daga masu ɗurin suka mallaki matatunsu: Signatory ta sayi Edradour a 2002, Gordon & MacPhail suna da Benromach, kuma a 2023 suka sanar cewa za su daina cika ganguna a matatun da ba nasu ba.

Idan manajanku ya yarda, kafin a buɗe ɗakin abinci ka zuba kaɗan daga kowace kwalba a kofi mai ƙaramin baki, ka ƙara ruwa daidai yawansa, ka rufe da takarda minti goma. Haka muke yi a ɗakin gwaji, don ruwan yana kashe zafin barasa ya saki ƙamshi. Ka shinshina ta matatar tukuna, ka riƙe abin da ka ji. Sannan ka koma ta biyun ka nemi wannan abin a ƙarƙashin dabino da kanumfari. Idan yana nan, gangar ta yi aikinta. Idan ba ka ji komai ba sai zaƙi da katako, ko warin ashana ya taso, ka faɗa wa manaja kafin ya sake yin odar wata daga wannan gangar.